Dafin gansakuka a ruwan tabki: da gaske hasken rana zai iya kashe shi?

Ɗan_Mafara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana kimiyyar da ke wannan zaure. Duk shekara idan zafi ya kama, daga Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, tabkunan ƙauyukanmu sai su koma kore shar, wani har da kumfa a baki da wari. To na ji an ce wannan koren yana da dafi mai cin hanta, kuma wai yanzu akwai wata farar hoda da ake zubawa a ruwa a shanya a rana, hasken ya tayar da ita ta cinye dafin. In gaskiya ne, ai mu nan Zamfara da Kebbi rana ba ta yi mana rowa ba. Me ya hana a kawo mana? Ko dai labarin ɗakin gwaji ne kawai?

Baban_Ikram:
Wa alaikumus salam. Malam ka tafasa ruwanka ka sha ka yi bismillah. Kakanninmu da ruwan tabki suka rayu har suka tsufa.

Malama_Kimiyya:
Baban Ikram, don Allah ka janye wannan shawarar, a nan ne tafasawa ba ta aiki. Bari in fara daga tushe. Koren da Ɗan Mafara yake nufi ba duka ne ciyawar ruwa ba. Akwai wasu ƙananan halittu da ake kira sayanobakteriya, dangin bakteriya ne amma suna haɗa abincinsu da hasken rana. Wasunsu suna yin dafi, wanda ya fi shahara shi ne maikrosistin, kuma hanta yake nufa kai tsaye. Ƙwayarsa zobe ce ta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 7 da suka kulle da juna, zafin tukunya ba ya ɓalle ta. Idan ka tafasa, ƙwayoyin gansakukar ne za su fashe su saki dafin da ke cikinsu, ruwa ya ragu ta tururi, dafin ya ƙara kauri. A watan Agustan 2014 a birnin Toledo na Amurka an hana mutane kusan dubu 400 shan ruwan famfo na kusan kwana uku saboda wannan dafin daga tafkin Erie, kuma cikin sanarwar har da cewa kada kowa ya tafasa ya sha.

Baban_Ikram:
Innalillahi. To mu da muke cewa wuta maganin komai?

Baba_Makiyayi_Gummi:
Malama ta hwaɗi gaskiya, mu masu bisashe mun san abin ga tun ba yau ba, suna dai ne ba mu sani ba. Akwai shekarar da anka yi tsananin zahi, wani tabki ya ja baya, iska ta tara koren a gefe guda. Awakin maƙwabcina sunka sha nan da hantsi, kahin la'asar wasu sun kwanta ba su tashi ba. Da anka feɗe guda, hanta ta kumbura ta yi baƙi. Mutane sunka ce maciji, wasu sunka ce sammu. Tun sannan in na ga ruwa ya yi haka sai in kore dabbobina zuwa ɓangaren da iska ke tasowa.

Likitan_Dabbobi_Zuru:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, abin da kake yi daidai ne da abin da ke cikin littafi. Iska tana tura kumfar zuwa gaɓar da take kaɗawa, can dafin ya fi taruwa. Dabba kuma tana son lasar busasshen ɓawon koren da ya rage a bakin ruwa, shi ma da dafinsa. Tun 1878 wani mai suna George Francis ya rubuta yadda tumaki da shanu da dawaki suka mutu a tafkin Alexandrina na Ostareliya bayan sun sha irin wannan ruwa. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka ɗora laifin a kan dafin sayanobakteriya a wuraren shan ruwansu. In giwa ta faɗi, ina akuya? Sai dai ba zan ce duk akuyar da ta mutu a bakin tabki wannan ne ya kashe ta ba, akwai maganin feshin da manoma ke wanke kwalbarsa a ruwa, akwai cututtuka. Hantar da ta kumbura da jini dai alama ce mai ƙarfi.

Ɗan_Mafara:
Na gode. Amma ku dawo mini kan hodar nan, ita na tambaya.

Malama_Kimiyya:
To ga ta. Sunanta titaniyam dayoksaid, fara ce tas. Aikinta na katalis ne, wato kamar dillali a kasuwa: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi yana nan bai ragu da komai ba, gobe ma ya sake. A 1972 wasu Japanawa biyu, Fujishima da Honda, suka nuna cewa idan hasken UV, wato wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, ya sauka a kanta tana iya raba ruwa zuwa iskar haidirojin da oksijin. Abin da ke faruwa shi ne hasken yana tunkuɗe ilektiron, wato ɗan ƙwayar lantarki, daga mazauninsa a cikin ƙwayar hodar, ya bar gurbi. Gurbin nan yana fizgar ilektiron daga ruwan da ke manne da hodar, sai a samu wani abu mai suna haidroksil, wanda ba ya jimawa ko kaɗan amma duk abin da ya taɓa sai ya yage shi. Shi ke far wa maikrosistin, musamman wata jela da ke jikin zoben da ake kira Adda, wadda ita ce ke ba shi ikon kama hanta. Da jelar ta lalace dafin ya karye, in aka ci gaba da haskawa sai ragowar ta narke ta koma iskar kabon da ruwa da 'yan gishiri. A 1997 Peter Robertson da Linda Lawton a Aberdeen ta Sikotilan suka gwada hakan a kan maikrosistin, ya yi aiki cikin ƙasa da awa ɗaya. Saboda haka ba ƙarya ka ji ba.

Injiniya_BK:
Ba ƙarya ba ne, amma Malama ki faɗa masa sauran. Wane ruwa suka yi gwajin da shi? Ruwa garau na ɗakin gwaji, a ɗan kofi, da fitilar UV a kansa. Ku ɗebo ruwan tabkin ƙauyen Ɗan Mafara a watan Afrilu bayan shanu sun shiga sun dama shi, ku sa hannu ku gani ko za ku hango tafinku. Hasken da bai shiga ba me zai tayar? Sannan shi haidroksil ɗin ba ya zaɓe. Ruɓaɓɓen ganye, fitsarin dabba, sabulun wanki, duk zai tsaya yana ci, dafin da ake nema kuwa ɗan mitsitsi ne a cikinsu.

Malama_Kimiyya:
Injiniya ban ɓoye ba, numfashi nake yi. Akwai ma matsalar da ta fi wannan. Ita hodar ta asali hasken UV kawai ke tayar da ita, wanda tsawon zangonsa bai kai nanomita 390 ba (nanomita shi ne ka raba mita ɗaya gida biliyan ka ɗauki ɗaya), shi kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Zafin da muke ji a ka ba shi ne ma'auni ba. Shi ya sa aka daɗe ana neman yadda za a sa ta amsa hasken da ido ke gani. A 2001 masu bincike a Japan suka nuna cewa cusa mata naitirojin yana taimakawa, daga baya ƙungiyar wani mai bincike mai suna Dionysiou a Jami'ar Cincinnati ta Amurka ta haɗa naitirojin da fulorin ta gwada a kan maikrosistin ɗin kansa.

Hajiyar_Jega:
Ku dakata in tambaya irin tamu ta mata. Bayan hodar ta gama aikin, ina take zuwa? Mu shanye ta tare da ruwan?

Injiniya_BK:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Wadda ta fi aiki ita ce mai laushi ƙwarai, ƙwayarta 'yan nanomita ce, ƙyallen tata ba ya riƙe ta, ba ta kuma kwantawa da wuri. In aka manna ta a jikin gilashi ko duwatsun gilashi don kada ta bi ruwa, sai aikinta ya ragu domin fuskar da ke taɓa ruwa ta ragu. Nan masu binciken ke ta kai da kawowa. Kuma ki sani Tarayyar Turai ta hana sa titaniyam dayoksaid a abinci tun 2022, to ba abin da zan ce a zuba a randa a sha ba ne.

Bakatsine_a_Kabi:
Ni fa na ga an rubuta titaniyam a jikin bokitin farin fenti a shagona. Kabawa ku kawo randunanku in shafe muku ciki, farashin taubasai. Dama ku da ruwa ba a raba ku.

Masunci_Argungu:
Kai Bakatsine, ku da ba ku da gulbi mi kunka sani ga ruwa? Ka bari manya na magana.

Malama_Kimiyya:
Wasa ne na sani, amma kada wani ya ɗauka da gaske. Wadda ke cikin fenti an lulluɓe ƙwayoyinta da gangan da wasu sinadarai don kada ta yi wannan aikin, in ba haka ba za ta cinye fentin kansa a rana. Ga shi kuma fenti yana da nasa abubuwan da ba a sha.

Masunci_Argungu:
To Malama ga tawa. Mu kihi muke ci muke saidawa. In ruwa ya ja baya bayan damina, fadamu suna barin tabkuna, nan tarwaɗa da gargaza ke taruwa. In tabkin ya yi kore, kihin ya haramta ke nan?

Likitan_Dabbobi_Zuru:
Yaya, ba zan ce ya haramta ba. Dafin ya fi taruwa a hanta da hanji da sauran kayan ciki, a tsoka kaɗan ne. A cire kayan ciki gaba ɗaya a binne, kada a jefa wa kare ko kaji, a wanke naman da ruwa mai tsabta ba na tabkin ba. Suya da banda ba sa kashe shi, kamar yadda Malama ta ce game da tafasawa. Wanda aka tsinta ya mutu yana yawo a kan koren ruwa kuwa a bar shi. Gulbi mai gudu irin na Matan Fada lokacin da yake cike bai cika samun wannan matsalar ba, ruwan da ya tsaya cik ya ɗumama shi ne gidansu.

Manomi_Suru:
Ina jin tsoron inda zancen nan zai nufa. Yanzu za a ce mu masu noman shinkafar rani ne muka jawo.

Injiniya_BK:
Ai kai ka kai kanka. Abincin sayanobakteriya fosfaras ne da naitirojin, su ne kuma ke cikin NPK da yuriya. Duk takin da shinkafa ba ta ci ba ruwa ke kwashe shi zuwa gangare. Tafkin Erie da aka ambata, daga gonakin da ke kewaye da kogin Maumee kaso mai yawa na fosfaras ɗinsa ke zuwa. Amma ba ku kaɗai ba ne. Kashin shanu a mashaya, omo na masu wanki, bahayar da ake yi a bakin ruwa, kowa da rabonsa.

Manomi_Suru:
Buhun taki a farashin yau, wa zai watsar da shi da gangan? Mu ma asara ce gare mu in ya bi ruwa. A koya mana lokacin zubawa da yadda za a raba shi kashi-kashi, a daina zaginmu.

Ɗalibi_Aliero:
Abin mamaki, ita yuriyar da ake zargi ana yin katalis da ita. Idan aka gasa ta a rufaffen kasko a zafin da ya kai wajen digiri 550, tana komawa wata hoda ruwan ɗorawa mai suna kabon naitiraid. Ba ƙarfe a cikinta, kuma tana amsa shuɗin hasken da ido ke gani, ba sai UV ba. Ni shi nake so in yi a aikina na ƙarshe in malamina ya yarda.

Bakatsine_a_Kabi:
Shi ke nan, Manomi Suru ya kawo rabin buhu, ni ina da kaskon suya.

Ɗalibi_Aliero:
Alhaji rufa mini asiri. Tanda ce ta musamman mai ma'aunin zafi, kuma hayaƙin da ke fita amoniya ne, yana ƙona ido da huhu. Abin da ake samu ma ɗan kaɗan ne daga yuriya mai yawa. Ita ma tana da raunin ta, ilektiron ɗin yana saurin komawa gurbinsa kafin ya yi aiki, shi ya sa ake haɗa ta da wasu.

Gwaggo_Anka:
Ni duk wannan ilimin na ji, amma zuciyata na wani wuri. Mu a nan abin da ya cinye mana yara a 2010 darma ce, ba gansakuka ba. Bagega da ƙauyukan Bukkuyum, yara fiye da 400. Shin wannan hodar tana kashe darma? In ba ta yi, to ku yi haƙuri, ba ita ce a gabanmu ba.

Malama_Kimiyya:
Gwaggo, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba ta kashe darma. Maikrosistin gini ne na kabon da haidirojin da sauransu, ana iya rushe shi. Darma kuwa ƙarfe ce, ba a rusa ta, sai dai a kwashe ta a kai wani wuri, shi ya sa a wancan lokaci sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Na yarda da ke cewa kowane gari da abin da ya fi damunsa. A wurare da yawa ma kwalara da taifod sun fi wannan dafin kisa nesa ba kusa ba.

Nas_Gusau:
Ina goyon bayan Gwaggo rabi. Amma akwai dalilin da ya sa ba zan raina zancen hanta ba. Mu da ke asibiti mun san yadda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikin mutanenmu. Ga kuma dafin fumfunar gyaɗa da masara, shi ma hanta yake ci. Hantar da ke fama da waɗannan biyu, a ƙara mata na uku duk bazara? Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa wani nau'in dafin mai suna maikrosistin-LR a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar kansa. Kuma a 1996 a garin Caruaru na Brazil masu wankin ƙoda fiye da 50 suka rasu saboda ruwan da aka yi musu wankin da shi yana ɗauke da dafin. Duk wata cibiyar wankin ƙoda da ke jan ruwa daga dam ya kamata ta san wannan labarin.

Baban_Ikram:
To nawa ne ya yi yawa? Ko ɗigo ɗaya ma kisa ne?

Malama_Kimiyya:
Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikrogiram 1 a lita ɗaya ga ruwan da za a sha tsawon rai. Maikrogiram shi ne ka raba giram ɗaya gida miliyan ka ɗauki ɗaya. A 2020 ta ƙara da cewa na ɗan gajeren lokaci kada ya wuce 12, na wanka da iyo kuma 24. Ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa, ruwa na iya washewa bayan koren ya mutu alhali dafin na nan na wasu kwanaki ko makonni.

Hajiyar_Jega:
Mu dai alam muke sawa, wani lokaci garin ƙwallon zogale. Ruwa ya kwanta garau. Wannan fa?

Injiniya_BK:
Yana da amfani sosai Hajiya, amma rabin aiki ne. Alam da zogale suna dunƙule ƙwayoyin gansakukar su kai su ƙasa, kuma muddin ƙwayar ba ta fashe ba yawancin dafin na cikinta. Sai ki tsiyaye na sama da wuri ki zubar da laka nesa, kada ki bar ta ta kwana a ƙasan randa tana ruɓewa. Wanda ya riga ya narke a ruwa ne alam ba ya kamawa. Shi sai gawayin da aka sarrafa na musamman, ba na murhu ba, ko kulorin. Kulorin yana karya maikrosistin in an sa isasshe, a ce rabin miligiram ya rage a lita bayan minti 30, kuma ruwan bai yi kanwa-kanwa da yawa ba. Abin da nake so Ɗan Mafara ya gane ke nan: akwai hanyoyin da aka riga aka sani, kayansu na kasuwa. Matatar ruwa da ke da alam da yashi da kulorin da wutar lantarki ta yi rabin yaƙin. Mu fara samun waɗannan kullum tukuna.

Malama_Kimiyya:
A nan muka rabu da Injiniya kaɗan. Kulorin ba ya iya wa kowane dafi, akwai anatoksin mai kama jijiya wanda kusan ba ya jin sa. In kuma aka zuba shi tun kafin a tace, fasa ƙwayoyin yake yi. Sannan kulorin da gawayi kullum sai an saya, katalis kuwa in an manna shi da kyau ana ta maimaita shi. Ƙauyen da mota ba ta shiga saboda hanya ko saboda tsaro, wa zai riƙa kai musu kaya duk wata? Ni ina ganin wurinsa shi ne matakin ƙarshe: a kwantar da alam, a tace da yashi, sannan ruwan garau ya bi ta bututun gilashi a rana. A Almeriya ta Sifaniya akwai cibiyar da ta daɗe tana gwada irin waɗannan bututun da madubai masu tara haske.

Injiniya_BK:
Almeriya ba ta da hunturunmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura za ta rufe madubin ta kuma tare UV ɗin tun daga sama. Wa zai goge? Burtsatse nawa masu sola kika gani a tsaye saboda abin da bai kai wannan ba?

Ɗalibi_Aliero:
Ranka ya daɗe, ai lokacin hazo ruwa na da sanyi, koren bai cika tashi ba. Lokacin da ake buƙatar abin shi ne bazara, lokacin kuma rana ta fi ƙarfi.

Talaka_Bawan_Allah:
Ku yi ta turanci da Hausa. Ni tambayata, me zai hana a zuba magani a tabkin gaba ɗaya koren ya mutu a huta?

Likitan_Dabbobi_Zuru:
An taɓa yi, abin bai yi kyau ba. A 1979 a tsibirin Palm na Ostareliya an zuba sinadarin tagulla a dam ɗin garin don kashe gansakuka. Ƙwayoyin suka fashe suka saki dafi, mutane fiye da 100, yawancinsu yara, suka kwanta asibiti da ciwon hanta da ƙoda. Daga binciken wannan ne aka gano wani dafin daban mai suna silindirospamopsin. Don Allah kada wani ya ɗauki maganin ciyawa ya nufi tabkin gari.

Baba_Makiyayi_Gummi:
Mu abin da iyayenmu sunka koya muna, in ruwa ya ɓaci ba a sha daga baki. A ja baya kaɗan a tona rame ga yashi, a jira ruwa ya tsattsaho. Shi muke sha mu ba 'yan maruƙa. Ko shi ma banza ne, Malama?

Malama_Kimiyya:
Baba ba banza ba ne ko kaɗan. Yashi yana tare ƙwayoyin, kuma a cikin ƙasa akwai bakteriyar da ke cin maikrosistin. Birnin Berlin na Jamus yawancin ruwan shansa ta rijiyoyin da ke gefen tafkuna da koguna yake jan sa, ruwan ya ratsa ƙasa kafin ya iso. Bambancin shi ne nasu yana daɗewa yana ratsawa. Gwargwadon nisan ramin daga bakin ruwa, gwargwadon kyansa. A ƙasa mai tsatstsagewa kuwa ruwan zai bi tsaga ya zo yadda yake.

Ummu_Sadiya:
Sannunku. Wata ƙungiya ta taɓa koya mana cika gorar roba da ruwa a ɗora kan kwano awa shida a rana. Ba shi ne wannan ba?

Ɗalibi_Aliero:
Anti ba shi ba ne, amma 'yan gida ɗaya ne. Wancan hasken rana ne kaɗai ke kashe ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, kuma yana aiki in ruwan ba shi da dauɗa. Shi dafin gansakuka rana kaɗai ba ta cika karya shi da sauri ba, katalis ɗin ne ke ƙara mata hannu. Ki ci gaba da yi don gudawa, amma ba da koren ruwa ba.

Ɗan_Mafara:
To yanzu ni da ba ni da ɗakin gwaji, ta yaya zan san koren tabkinmu mai dafi ne ko marar dafi? Don na ga wani koren yara na jawo shi da hannu zare-zare.

Likitan_Dabbobi_Zuru:
Ka sa sanda ka ɗaga. In ya biyo sandar zare-zare mai tsawo, galibi gansakukar gaske ce marar dafi. In sandar ta fito kamar an tsoma ta a koren fenti, ba abin da ya rataya, to ka yi zargin sayanobakteriya. Ko ka cika kwalba ka ajiye a wuri mai sanyi ta kwana ba a girgiza ba: mai dafin yakan taso sama ya yi zobe, ɗayan ya kwanta ƙasa. Wannan alama ce kawai. Ba duk sayanobakteriya ke yin dafi ba, kuma tabki ɗaya na iya canzawa cikin mako. Tabbaci sai da tsinken gwaji na maikrosistin ko a kai ɗakin gwaji.

Nas_Gusau:
Kuma a hana yara iyo a ciki. Ƙaiƙayin fata, jan ido, amai da gudawa bayan wanka a koren ruwa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya inda yaron ya shiga, kada a ce zazzaɓi ne kawai.

Injiniya_BK:
Ɗalibi, ga shawara kyauta. Kafin ka gasa yuriya, ka zaga tabkuna da madatsun ruwan da ke kusa da kai a bazara ka auna ko dafin na nan da yawansa. Muna da jami'a a Aliero da Birnin Kebbi da Gusau, da kwalejojin kimiyya a Birnin Kebbi da Talata Mafara. In kowace ta riƙe ruwan da ke kusa da ita, daga Bakolori har Yauri, za mu san girman abin da muke magana a kai. Magani kafin awo ni ban gane masa ba.

Malama_Kimiyya:
Ya yi duka biyun mana. Ya auna, sannan ya gwada hodarsa a kan ruwan tabkin gaske maimakon ruwan kwalba. In ta kasa ma sakamako ne, ya rubuta dalilin.

Ɗalibi_Aliero:
Kuɗin kayan awon ne matsalar, Malama, daga waje ake odarsu. Ɗan Mafara, in za ka iya ɗebo mini na tabkinku zan fara da duba shi a madubin ƙara girma, wannan kam muna da shi. Kwalbar gilashi mai tsabta, ka sa leda a hannu, ka ɗebo daga gefen da kumfar ta taru, ka naɗe ta da baƙar leda cikin ƙanƙara.

Ɗan_Mafara:
Ƙanƙara a ƙauyenmu a watan Afrilu? Sai dai in saya a Mafara in tafi da ita a kula. Turo mini lambarka ta akwatin sirri, ranar Talata in na shigo kasuwa sai in ba direban Sakkwato.

Bakatsine_a_Kabi:
Ka rubuta a jikin kwalbar da manyan baƙi, kada direba ya ɗauka kunun zogale ne.